Irin Rogo Da Mai Tukunya

Karatu: Farawa 2:15

'Yan'uwa, aikin fari da Ubangiji ya ba Adamu shi ne noma da kiwon gona, don haka zancen iri ba baƙo ba ne a ikilisiya.

A 1967 aka kafa cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan. Can masana suka yi ta haɗa irin rogo da wani, suna neman mai yawan amfani, mai jure cuta. Amma sau da yawa sabon iri yakan yi kyau a gona, manoma kuwa su koma ga tsohon. Don me? Don ba a tambayi mai tukunya ba. Mace ce mai ferewa, mai jiƙawa, mai suyar garin kwaki. Ita ta san wanda ɓawonsa ke ba da wuya, da wanda garinsa ba ya kumbura a ruwa.

A 2011 aka fito da rogo rawaya mai bitamin A, mai taimakon idanun yara. Abu mai kyau ne, sai dai ruwa ya yi masa yawa, garinsa kaɗan. Waɗansu mata suka ƙi shi, ni kuwa ban ga laifinsu ba. Daga baya masana suka riƙa ba manomi iri uku ya shuka, a dafa, a faɗi zaɓi. A 2020 aka fitar da Poundable, na dafuwa.

Mu masu cin dafaffen rogo da ƙuli, sai mu lura. Waɗansu irin na gari masu ɗaci ne, da guba a ciki, sai an jiƙa an matse. In an kawo muku sabon iri, ku tambayi malamin gona ko na dafuwa ne kafin ku ba yara.