Kwanciyar Hankalin Mai Ciki

Kowane manomi a ƙasar Bichi da Dambatta ya san halin shuka. In gero ya sha fari tun yana ƙarami, sai an yi da gaske kafin zangarniyarsa ta cika. To, ɗan da ke cikin ciki ma shuka ne, uwarsa kuwa ita ce gonarsa.

Ƙwaƙwalwar ɗa tana fara ginuwa tun ciki bai cika wata ɗaya ba. A wajen wata na 6 yana iya jin sauti. Abincinsa duk daga jinin uwa yake zuwa, ta hanyar mabiyiya da cibiya.

In mutum ya tsorata, ko ransa ya ɓaci, jikinsa yakan zuba wani sinadari cikin jini. Likitoci suna kiransa kotisol. Mabiyiya tana tace shi kamar rariya, kaɗan ne yake kai wa ga ɗa. Saboda haka ɓacin ran yini guda ba ya cutar da shi. Amma in damuwa ta yi tsanani, ta yi wata da watanni, abin da ke ratsawa yana ƙaruwa, har yana iya taɓa ginuwar ƙwaƙwalwa.

An ga misalin haka a wata ƙasa mai nisa. A watan Janairu na 1998 ruwan ƙanƙara ya afka wa lardin Kubek a ƙasar Kanada. Wutar lantarki ta ɗauke, wasu gidaje suka fi wata guda cikin duhu da tsananin sanyi. Malaman Jami'ar McGill suka riƙa bin matan da ke da ciki a lokacin. Da 'ya'yansu suka kai shekara 2, sai aka ga waɗanda uwayensu suka fi shan wuya sun fi jinkirin magana da fahimta.

Mu nan ba mu da irin wannan ƙanƙara, amma muna da abin da ke hana mai ciki barci. Rumbu yakan ƙare da damina kafin sabon gero ya nuna. Maigida yakan tafi cin rani, ba saƙo, ba kuɗin cefane. Ga daka, ga jan ruwa a rijiya, ga faɗa da kishiya ko uwar miji. Wata ma har duka take sha.

Maigida, wannan aiki naka ne:

1. Kada ka doke ta, kada ka zage ta.
2. In za ka cin rani, ka bar mata hatsi, ka riƙa aiko da saƙo.
3. Ka yi adalci tsakanin matanka.
4. A rage mata daka da ɗaukar kaya mai nauyi.
5. Ka kai ta awon ciki. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa.
6. In ta daina barci, ko tana yawan kuka, a gaya wa ma'aikaciyar asibiti.

Kakanninmu sun gane wannan. Shi ya sa ake mai da mai cikin fari gidan iyayenta goyon ciki, ta huta, hankalinta ya kwanta.

Ke kuma da kika riga kika sha wuya da ciki, kada ki zargi kanki. Yawancin irin waɗannan yara suna tashi lafiya lau. Ki ba shi nono, ki riƙa yi masa magana da wasa, domin ƙwaƙwalwa tana ci gaba da ginuwa bayan haihuwa. Allah ya raba lafiya.

Tambayoyi

1. Yaushe ƙwaƙwalwar ɗa take fara ginuwa?
2. Mene ne aikin mabiyiya?
3. Me aka gani a Kanada?
4. Rubuta abu 3 da maigida zai yi wa matarsa mai ciki.