Injin Iska a Kan Soro: Amsa Ga Wani Magidanci a Damagaram

Wani magidanci daga unguwar Zango ta Zinder ya aiko da tambaya. Ya ce ɗaukewar wuta ta ishe shi, kuma ya ga ana tallar ƙaramin injin iska mai wat 400. Shi dai a saninsa iska ba ta yi wa Damagaram rowa ba, don in hunturu ya kankama har kwanon rufi take ɗagawa. Ya saya ya kafa a kan soro, ko kuwa?

Alhaji, kada ka saya. Ba wai na raina damuwarka ba ne. Wutar Zinder da Maraɗi ta daɗe tana dogara da layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, kuma babu wanda ya manta halin da aka shiga daga watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, har aka shiga 2024. Duk wanda ya nemi na kansa bayan wannan, yana da gaskiya. Sai dai kuɗin gumi ne, a zuba shi inda zai haifar da ɗa mai ido.

Wat 400 ɗin da aka rubuta a jikin kwali, injin ba ya ba da shi sai iska ta kai gudun wajen mita 12 a daƙiƙa ɗaya, irin wadda ke sa mai rawani ya dafe kansa. Ga kuma ƙa'idar da mai talla ba zai gaya maka ba: in gudun iska ya ragu da rabi, wutar ba rabi take komawa ba, kashi ɗaya cikin takwas take komawa. To a ce iskar unguwarku mita 4 ce a daƙiƙa. Wannan injin naka zai ba ka wat 15 ko ƙasa da haka, abin da bai wuce ƙwan fitila biyu ba. Ƙasa da mita 3 kuwa, yawancinsu ado ne kawai.

Sannan iskar cikin gari ba irin wadda injin ke so ba ce. Tana karo da katanga, da dogon yaro, da manyan duwatsun nan na Birni, ta iso a birkice. Masu sana'ar suna so injin ya ɗara duk abin da ke kewaye da shi da kamar mita 10. A kan soron ƙasa fa? Girgizar injin kaɗai ta isa ta tsaga maka bango, kafin ma a zo ga iskar hadarin damina da tsawa.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda a ganina ita ce babba. Iskarmu ta fi ƙarfi daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da kowa ke neman bargo. A Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, yara na juyi a kan tabarma, ba ta da tabbas. Ko a hunturun ma, a nan ƙasa-ƙasa da hantsi take tashi, ta lafa da yamma. Wato tana zuwa ne sa'ad da rana ke aiki, ta bar ka da dare.

Wannan bai sa iska ta zama banza ba. Harkar manya ce. A Maris 2022 gwamnatin Nijar ta sa hannu da kamfanin Savannah Energy kan tashar iska ta Tarka a jihar Tawa, mai ƙarfin da zai iya kai megawat 250. Irin wannan sai an auna iskar wurin wata da watanni, a kan dogayen turaku. Makwabtanmu na Katsina sun kafa injuna 37 a Lambar Rimi don samar da megawat 10, aikin ya haura shekara goma yana jan ƙafa. In gwamnati ta sha wannan wahala, ina ga mai gida ɗaya?

Arzikin Damagaram rana ce. Ba banza ba marigayi Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ƙarar da rayuwarsa a kan bincikenta.

Kafin ka je kasuwa, zauna da takarda. Fanka biyu masu wat 50, awa goma-goma, sun ci wat-awa 1,000. Ƙwan fitila biyar masu wat 7, awa shida, 210. Talabijin da cajin waya, a ce 300. Jimla wajen 1,500 ke nan a yini. Farantan sola da suka kai wat 500 zuwa 600 za su riƙe wannan. Ƙarfen guga da abin dafa ruwa kuwa, bar su ga kamfanin wuta na NIGELEC.

A fuskantar da farantan kudu, a ɗan jingine su kamar digiri 15, a bar sarari a ƙarƙashinsu iska ta riƙa ratsawa, don zafi na rage musu ƙarfi. In buji ya sauka, ka sa yaro ya share su da tsumma mai laushi da sassafe, kafin su ɗau zafi. Sau da yawa wanda ke kukan an cuce shi, ƙura ce kawai ta lulluɓe masa kaya.

Inda mutane suka fi asara shi ne batir. Batirin mota ba na wannan aiki ba ne. Na sola mai amfiya 200 da bolt 12 yana ɗaukar kimanin wat-awa 2,400, amma rabi kawai za ka taɓa in kana so ya yi ƙarko. Zafi kuma maƙiyinsa ne: ƙarin digiri 10 a ɗakin da yake kan rage kwanansa da kusan rabi. Ka ajiye shi a ɗaki mafi sanyi, mai taga, ba ƙarƙashin kwano ba. In aljihu ya yarda, na litiyam ya fi daɗewa. Kada a yi tsumulmular na'urar daidaita caji da waya mai kauri, nan ne gobara ke fara shigowa.

Mai lambu a Mirya ko Gidimuni ko kwarin Korama, shi nasa ma ya fi sauƙi: famfon sola ya ja ruwa da rana ya cika tanki, ba ruwansa da batir.

Wanda ke da fili fetal a arewa, wajen Tanut, kuma zuciyarsa ta nace a kan iska, ya fara neman bayanan masu hasashen yanayi na filin jirgin Zinder, ya kuma auna wurinsa shekara guda. In matsakaicin gudun bai kai mita 5 ba, ya haƙura.

Kai kuwa Alhaji, ka nemi ƙwararren mai haɗawa wanda za ka iya zuwa ka ga aikinsa a gidan wani, ka karɓi takardar garanti, a gama maka aikin tun cikin Fabrairu, kafin zafi ya shigo kowa ya ruga kasuwa.