Ka Saurari Goge Kafin Ka Kunna Ayan

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini kwana uku ke nan ba ka cin abincin dare sai an yi ta kira, kana ɗaki da ayan da dalma, ƙauri ya cika gida har maƙwabta suna leƙowa ko wani abu ne ya kama. Na yi dariya, don na san cutar, ni ma ta kama ni tun jiharmu tana amsa sunan Gongola. Ranar da ka kawo mini ɗan akwatin nan shago cikin leda, kasuwa ta hana mu zama. Daren jiya da wuta ta zo na buɗe shi, na jona, na saurara. Hannunka ya fi nawa tsabta lokacin da nake shekarunka, wannan kam ba na ɓoye maka. Sai dai ka fara gini daga takarda, ba ka tsaya ka tambayi kunnenka abin da yake nema ba.

Idan ka taɓa tsirkiyar jita, sautin yana fitowa da dukkan ƙarfinsa nan take, ya ce tas, sannan ya yi ta raguwa har ya mutu. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos haka yake, molo ma haka, duk abin da ake tsinka da yatsa haka yake. Goge kuwa ba ya faɗowa kan mutum. Mai goge yana ɗora baka a kan izga, sautin ya taso daga ƙasa a hankali, ya kumbura, ya cika ƙwarya, kafin ka ankara ya riga ya shiga jikinka ba ka ji shigowarsa ba. Wannan shigowa ba sallama ita kake son jitarka ta koya. Fedar da kake ginawa aikinta ɗaya ne: ta haɗiye wannan tas ɗin na farko, ta saki ragowar sautin sannu sannu. Shi ya sa na so a ce kafin ka sayi ko resista ɗaya ka nemi wani mai goge, abin da Fulaninmu na nan ke kira geegeeru, ka zauna kusa da shi yini guda. Ko kuwa ka samo tsofaffin kaset na masu goge ka rufe ido. Ka lura da tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya cika. Za ka tarar bai kai yadda kake zato ba.

Turawa sun daɗe suna neman wannan da hannu. Jitar Stratocaster da Leo Fender ya fitar a 1954 tana da bolum daf da inda hannun dama ke kaɗawa, sai makaɗa suka riƙa maƙala ƙaramin yatsa a kai, su rufe, su tsinka, su buɗe. Wasu suka koma yin haka da ƙafa. A 1979 kamfanin Boss na Japan ya fito da wata baƙar feda mai suna Slow Gear, lambarta SG-1, wadda ke yin aikin da kanta. Maɓallan murɗawa biyu kawai gare ta, ɗaya na yadda take jin taɓawa, ɗaya na saurin tasowa. Ba ta yi kasuwa ba, a 1982 suka daina yin ta, yau kuma masu tara tsofaffin kaya suna sayenta da tsada mai ban mamaki. Zanen da ka kwafo jikanta ne.

Cikinta, in ka cire ado, akwai kunne, akwai agogo, akwai ƙofa. Kunnen shi ne ayisin da ke ƙara ƙarfin ɗan siginar jita, da diyod, da ƙaramar kafasita, su ke gane an taɓa tsirkiya. Ƙofar ita ke barin sauti ya wuce ko ta tare shi. Agogon kuma, wanda nake son ka fahimta da kyau, resista ce da kafasita kawai. Ka ɗauke su kamar randa da bakin famfo. Famfo ƙarami, randa babba, cikawa ta daɗe. Lissafin bai da wuya: resista mai 100k da kafasita mai 10 maikuro suna ba ka daƙiƙa ɗaya, a cikinta randar za ta kai wajen kashi 63 cikin 100, ragowar kuma ta riƙa shiga da ja da baya. Ka sa 47k, ka samu kusan rabin daƙiƙa. Ka sa bolum mai 100k a wurin resistar, ka samu maɓallin da za ka murɗa yadda kake so.

Kai kuma ka sa 220k da 22 maikuro. Wannan ya kusa daƙiƙa biyar.

Na san abin da ya ja ka, kana son sautin ya taso kamar hazon safiya a kan Binuwai idan mutum ya tsaya bisa gadar Jimeta. Amma ka manta tsirkiya ba ta jira. Tun lokacin da ka tsinke ta take mutuwa. Ƙofarka tana buɗewa a hankali, baƙon da za ta shigar kuma yana ta ramewa a waje, kafin ta gama buɗewa babu kowa sai hucin amfilifaya. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, to a wannan sana'a tana hanawa. Mai goge yana da baka da zai ci gaba da ciyar da sauti, kai ba ka da shi. A nawa kunnen, daga kwata zuwa rabin daƙiƙa nan daɗin yake, ka kai daƙiƙa guda sai a manyan tsirkiyoyin nan masu kauri da ke daɗewa suna amo. In kana son doguwar tasowa da gaske, sai ka sa wata fedar da ke riƙe sauti a gabanta, ko mai amsa-kuwwa a bayanta. Wannan karatun wata rana ne.

Yanzu ga inda kowa ke faɗuwa, ni ma na faɗi. Buɗewa a hankali abu ne mai sauƙi, yaro ma zai iya. Rufewa da sauri shi ne aikin. Ka tsinka sauti na farko ya taso da kyau, ka tsinka na biyu, sai tas ɗin ya fito tsirara, domin randar tana cike, ƙofa a buɗe. Dole randar ta zube kafin taɓawa ta gaba, kuma ta zube cikin ƙiftawar ido. Naka akwatin ta hanyar da ruwa ya shiga ta nan yake fita, shi ya sa sautin farko kawai ke yin kyau. Ka buɗe masa wata hanyar fita daban: diyod da ƙaramar resista kamar 1k, ko tiransista da zai kwashe cajin da zarar kunne ya ji shiru. Da 1k da 10 maikuro, mafi yawan cajin zai zube a kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Sannan hannunka ma yana da nasa aiki. Irin wannan feda tana son ɗan shiru tsakanin sauti da sauti, sai ka koyi danne tsirkiya da tafin hannu kafin ka sake tsinkawa. Wanda ke son yin gudu irin na Bombino na Agadas, to ya kashe ta, ba don shi aka yi ta ba.

Maganar ƙofa. Boss sun yi amfani da tiransista irin wanda ake kira JFET, kai ma shi ka nema. Ban hana ka ba, amma ka san halinsa: guda biyu masu lamba ɗaya, daga leda ɗaya, kowanne da inda yake rufewa. Shi ya sa ake sa ɗan ƙaramin bolum na ciki a daidaita shi da kunne, kai kuma ka sa resista tsayayya ka ɗauka magana ta ƙare. Ga kuma na jabu, waɗanda aka goge lambarsu aka buga wata, sun cika kasuwa tun da masana'antu suka rage yin masu dogayen ƙafafu. Ko daga Alaba aka aiko maka, ko daga Sabon Garin Kano, ka auna kafin ka liƙa.

Da ni ne kai, da fitila da idon haske zan fara. Ka samu ƙaramar LED, ka samu LDR, wato resistar nan mai jin haske da ke cikin fitilun da ke kunna kansu da magariba. Ka haɗa su fuska da fuska cikin guntun baƙar roba, ka toshe ko'ina kada haske ya shiga ko kaɗan. A duhu LDR tana tare hanya, juriyarta ta haura miliyan. Haske na ƙaruwa tana saki. Sauti ya bi ta cikinta, agogo kuma ya riƙa haska fitilar a hankali ta hannun tiransista. Daɗin wannan hanya shi ne wutar da ke ba da umarni ba ta taɓa hanyar sauti, saboda haka ba ka jin ƙwas ɗin nan da ke shiga lasifika duk sanda ƙofa ta motsa. Kore ko rawaya ka zaɓa, su ta fi gani. Aibinta ɗaya, tana saurin farkawa amma tana nawar komawa barci, wato matsalar rufewa ta sake dawowa ta taga. Ka sayi guda biyar ko shida, ba su da tsada, ka gwada su da mita ɗaya bayan ɗaya, ka haska ka rufe, ka ɗauki wadda ta fi saurin komawa.

Kunnen ma yana da nasa rikici, amma a taƙaice: babbar tsirkiyar jita tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa. In kafasitar da ke bayan diyod ta yi ƙanƙanta, wannan kaɗawar za ta ratsa ta sa ƙofa rawa, ka ji sauti yana gurnani. In ta yi girma, kunnen ya yi nauyi. Ka sa soket a wurin, ka riƙa canzawa har ka dace.

Sauran maganar ta garinmu ce, wadda babu zanen da zai gaya maka. Zafin Yola a watan Maris da Afrilu yana haura 40, kuma kafasitocin nan masu kama da ƙaramin gwangwani ruwa ne a cikinsu, zafi na busar da su. Na ga ka ciro naka daga tsohuwar rediyo. Resista ka ciro yadda kake so, amma kafasitar agogo ka sayi sabuwa, domin tsohuwa tana yoyo, randa mai huji kuwa ba ta cika kan lokaci. Sabuwar ma takan kauce wa abin da aka rubuta a jikinta da kusan kashi 20 cikin 100, kada lissafi ya ƙi fita daidai ka tsargi kanka. Idan hunturu ya shigo, ƙura ta shiga bolum ya fara ƙaraf-ƙaraf, to fedar ta riƙa kwana cikin jaka. Akwatin roba da ka sa kuma ka canza shi. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kunnen fedarka mai kaifi ne, zai ji wannan gunjin ya ɗauka kai ne ka taɓa tsirkiya, ya bar ƙofa a buɗe. Ƙarfe kake so, a jona shi da ƙasan layin. Gwangwanin kifi ma ya yi wajen gwaji, na sha yi. Kada ka ji kunya, Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, yau ga shi yana zaga duniya.

Sai abin da har yanzu in na tuna nake jin nauyi. Shekarun baya wasu samari masu kiɗa a wani coci a nan Jimeta suka kawo mini feda ta aro, wai tana ɗan shiru-shiru. Batir ya ƙare, na miƙa hannu na ɗauko adafta da ke kusa, bakinta ya shiga daidai, na jona. Ƙauri kawai na ji. Fedojin jita irin na Boss wuta 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin ita ce nagetif, akasin yawancin adaftocin dikoda da ke yawo a gidajenmu, masu 12 da fozitif a tsakiya. Wata biyu ina biyan kuɗin. Ka sa diyod na kariya a bakin shigar wuta tun yau, 1N5817 ya isa, kuma duk gwajin da za ka yi ka yi shi da batir. Ayisin nan TL072 da ka ƙona guda biyu, ina zargin abin da ya ci su ke nan.

Ban taɓa maka komai a bod ɗin ba, da gangan. Ina son ka warware shi da hannunka, ka sake ginawa gaɓa gaɓa a allon gwaji. Ka fara da ƙofa ita kaɗai, kana haska fitilar da bolum a hannu, har ka ji sauti na shiga yana fita lafiya. Sannan agogo, kana kallon allurar mita tana hawa tana sauka. Kunne shi ne na ƙarshe. In ka haɗa duka a tashi ɗaya abu ya ƙi, ba ka san wanda za ka tuhuma ba, sai ka kwana kana zargin kayan kirki.

Kuma ka riƙa fitowa cin abinci in an kira ka, ka buɗe taga in kana liƙi, hayaƙin nan ba na shaƙa ba ne, ka wanke hannu bayan ka taɓa dalma. Ranar Asabar bayan la'asar ina shago. Ka zo da jitar da sabon batir, na ajiye maka LDR shida da wani kaset na goge da nake son mu saurara tare.