Sabon katin hoto a kan tsohuwar furosesa

Ɗana, na ji ka tara kuɗi kana son saka wa kwamfutarka sabon katin hoto, irin su RTX 4060, don wasanni su riƙa tafiya sumul. Allah ya sa albarka. Na kuma ji abin da ke damunka, wai ko tsohuwar furosesarka za ta riƙe wa katin ƙafa. Kwantar da hankalinka, mu bi maganar a sannu.

Da farko, babu abin da zai ƙone ko ya lalace don kawai furosesa ta tsufa. Asara ɗaya ce: ka biya kuɗin ƙarfin da ba za ka mora duka ba. Ka dubi magini da mai kwaɓa masa siminti. Komai saurin hannun magini, in kwaɓi bai iso ba, tsayawa zai yi yana jira. Furosesa ce ke lissafa motsin 'yan wasa, da inda harsashi ya faɗa, da abin da jama'ar cikin wasan ke yi, sannan ta miƙa wa kati ya zana. In ta yi nawa, katin ya zauna zaman jira.

Amma fa abin ya danganta da wasan da allonka. Wasanni irin su Counter-Strike 2 da Valorant, waɗanda ake neman hotuna ɗaruruwa a daƙiƙa, furosesa suke matsa wa. Haka ma Cyberpunk 2077 in ka shiga cunkoson gari. Idan kuwa ka ɗaga kaifin hoto daga 1080p zuwa 1440p, nauyin ya fi komawa kan kati, tsufan furosesa ya ɗan ɓuya. Sannan in allonka sau 60 kawai yake sabunta hoto a daƙiƙa, kuma furosesar na iya kai 60 ɗin ba tare da sarƙewa ba, to me ya rage ka nema?

Ga gwajin da nake so ka yi tun kuɗin na aljihunka. Saka manhajar MSI Afterburner don ka riƙa ganin adadin hotuna da aikin katin, kyauta ce. Buɗe wasan da ka fi bugawa da tsohon katinka, ka sauke kaifin hoto da kayan ƙawa zuwa ƙasa can. In adadin hotuna ya yi tsalle sama, furosesarka na da sauran ƙarfi, katin ne ke ja maka baya, ka sayi sabo da farin ciki. In kuwa bai motsa ba, kuma ka ga katin ba ya aiki da cikakken ƙarfinsa, ka ga iyakar furosesarka ke nan. Sabon kati ba zai tsallake wannan iyakar ba. Shafukan intanet da ke ce maka za ka yi asarar kashi kaza cikin ɗari na ƙarfin kati ba tare da tambayar wane wasa kake yi ba, kada ka ɗora kuɗinka a kansu.

In Core i5-4590 ce gare ka, wadda ta fito a 2014 da ƙwayoyi huɗu, sababbin manyan wasanni za su riƙa tsinkewa, ba na ɓoye maka. Mai Ryzen a kan madabod ɗin AM4 ya fi ka sa'a, don sau da yawa yana iya sabunta BIOS ya dasa Ryzen 5 5600 ba tare da sauya komai ba.

Kafin ka zargi tsufa ma, buɗe akwatin ka kaɗe ƙurar hunturu, don furosesa in ta yi zafi rage gudu take yi da kanta. Ram kuma sanda biyu ta fi sanda ɗaya gudu. Kafin ka sayi katin kuma, ka duba fawa, wato na'urar da ke ba kwamfuta wuta, musamman in kwamfutar ofis ce ta gwanjo. RTX 4060 na cin wat 115, kuma yawanci yana buƙatar wayar wuta tasa daban, wadda ƙananan akwatunan nan ba su da ita.

Ni dai shawarata, in gwaji ya nuna furosesar na ɗan ja baya kaɗan, sayi katinka ka mora, ka sauya ta daga baya. Sannu ba ta hana zuwa. In kuwa ta gaza sosai, raba kuɗin gida biyu, ka ɗauki kati matsakaici ka sauya furosesar. Yi gwajin a daren nan, ka aiko mini da abin da ka gani.