Sana'ar Da Ta Haɗa Ilimin Abinci Da Lissafin Asibiti

Ana kira ga iyaye da 'yan makarantar sakandare na Yalwawa, da Takur, da Fagoji, da Limawa, da sauran unguwannin Dutse da ƙauyukan da ke kewaye da ita, su karanta wannan takarda a natse. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Magana ce a kan wata hanyar neman halali wadda mutanenmu ba su cika waiwayarta ba, alhali kuwa jiharmu ta Jigawa tana bukatar masu ita ƙwarai.

In ka tambayi yaro ɗan ajin kimiyya me yake so ya zama, zai ce likita. In yarinya ce, ta ce nas ko ungozoma. Madalla da wannan buri. Amma asibiti ba ya tafiya da waɗannan kaɗai. Akwai mutumin da ke zaune a ɗakin kati, wanda duk mai shiga asibiti sai ya fara tsayawa a tagarsa. Akwai kuma masanin abinci, wanda likita ke tura masa mai ciwon suga ko uwar yaro mai tamowa don ya tsara musu abin da za su ci. Da can waɗannan biyu ba abin da ya haɗa su sai gaisuwa. Yanzu da lissafin asibiti ya koma cikin kwamfuta da wayar hannu, aikinsu ya cuɗanya, har ana neman mutum ɗaya wanda ya san duka biyun.

Dalilin da ya sa maganar ta shafe mu

A binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018, an samu cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda daɗewa cikin ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan ciwo. A Jigawa kuwa adadin ya kai kashi 64. Kusan yara biyu ke nan cikin kowane uku. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, wannan ƙasa ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa, ga riɗi da ake lodinsa a Maigatari, ga shinkafa da kifin Haɗeja, ga dabinon Dutse. Wanda ya shiga kasuwar Shuwarin ranar cinta ba zai ce abinci ya yanke wa ƙasar nan ba. Talauci yana da nasa rabon laifin, babu shakka, amma rashin sanin yadda za a haɗa wa yaro ɗan wata bakwai abin da ke cikin rumbu shi ma yana da nasa.

To, wannan kashi 64 ɗin daga ina ya fito? Wasu mutane ne suka bi gida-gida da allon awon tsawo da sikeli, suka auna yara, suka tambayi shekarunsu, suka shigar a na'ura. Da irin wannan lissafi gwamnati da ƙungiyoyi ke yanke inda za a kai kuɗi da kaya. In an auna daidai, taimako ya sauka inda ake bukatarsa. In an yi sakaci, ya wuce ta kan ƙauyen da ya fi kowa jin jiki.

Ranar awon tamowa

Bari mu shiga ƙaramin asibiti ranar da ake duba masu tamowa, mu ga aikin da idonmu. Mata suna zaune a kan tabarmi a inuwa, kowace da goyonta. Ma'aikaciya ta ɗauki wani siririn tef mai launi uku, ta naɗa a tsakiyar damtsen yaro na hagu. Wannan awo na yara ne daga wata 6 zuwa wata 59. In ya nuna kore, wato sama da santimita 12.5, lafiya. In ya nuna rawaya, tsakanin 11.5 da 12.5, yaro ya fara ramewa, sai a ja kunnen uwa a koya mata haɗin kunu. In ya faɗa ja, ƙasa da 11.5, tamowa ta yi tsanani. Sai ta danna bayan ƙafafunsa biyu da manyan yatsunta, ta ƙirga uku a hankali. In ta ɗaga gurbin yatsa ya zauna, kumburi ne, kuma shi ma alamar haɗari ce ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba. Daga nan a ɗora shi a sikeli, sa'an nan a yaga leda ɗaya ta abincin tamowa a ba uwa ta gwada shi. Wanda ya ci, a ba shi na mako ya tafi gida. Wanda ya ƙi ci, ko yana da wani ciwo mai tsanani, a tura shi babban asibiti a kwantar.

Wannan abinci tunkuzar gyaɗa ce da aka haɗa da madarar gari da mai da sukari da sinadaran gina jiki. Wasu Faransawa ne, André Briend da Michel Lescanne, suka ƙirƙiro shi a 1996, kuma duniya ta shaida amfaninsa a nan kusa da mu, a Maraɗi, lokacin yunwar 2005. Kowace leda nauyinta giram 92 ne. Katan ɗaya yana ɗauke da leda 150, wanda shi ne kimanin abin da yaro ɗaya zai ci har ya warke.

Duk abin da aka yi wa yaron nan ana rubuta shi sau biyu, a katinsa da kuma cikin babbar rajista. Ƙarshen wata a tattara a fom ɗaya a kai hedikwatar ƙaramar hukuma, inda jami'in lissafi zai shigar da shi cikin manhajar da ake kira DHIS2. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ce ke kula da wannan manhaja, ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya suna aiki da ita, kuma ita ce Nijeriya ta ɗauka don tara lissafin asibitocinta. Da zarar an shigar, mai zaune a ma'aikatar lafiya a Dutse zai gani, na Abuja ma zai gani.

Yanzu ku yi wannan lissafi da kanku. A ce asibiti ya karɓi sababbin yara 40 a wata, amma saboda gajiya ko ɓatan shafi aka aika da 25. Mai rabon kaya ba ya ganin yara, lamba yake gani. Zai aiko da katan 25, yara 15 kuma su wayi gari babu nasu. Uwar da ta taso daga ƙauye a kan babur, ta biya kuɗin hawa, aka ce mata kaya sun ƙare, da wuya ta sake dawowa.

Abin da mai ilimi biyu ke gani

Nan ne amfanin haɗa ilimin biyu yake fitowa fili. Wanda ya iya kwamfuta kawai, duk abin da aka miƙo masa zai buga. In aka rubuta nauyin jariri kilo 65 maimakon 6.5, ba zai tsaya ba. In aka ce yaro ɗan wata huɗu an yi masa awon damtse, bai san cewa ba a yi wa irinsa wannan awo ba. Shi kuma masanin abinci da bai iya lissafi ba, ya san kowace uwa da sunanta, amma bai san ko aikinsa yana ci gaba ko yana baya ba.

Akwai ma'auni da masu wannan aiki a duniya suka yarda da shi. Cikin yaran da suka fita daga shirin, waɗanda suka warke su haura kashi 75, waɗanda suka rasu kada su kai kashi 10, waɗanda suka daina zuwa kada su kai kashi 15. Mai ilimi biyu in ya ga masu daina zuwa sun yi yawa a Yuli da Agusta, ba zai tsaya a kan lambar ba. Ya san lokacin noman firi ne da maimai, mata suna kai abinci gona, hanyoyi sun yanke, rumbu ya yi ƙasa, ga zazzaɓin cizon sauro da gudawa. Sai ya ba da shawara a matso da awon kusa da gidaje a waɗannan watanni, kamar yadda shirin Masaki na jiharmu ke kai aikin cikin al'umma. In kuma ya ga wani asibiti kullum yana kawo rahoton cewa kowa ya warke, ba wanda ya rasu, ba wanda ya gudu, sai ya tashi ya je ya buɗe rajista da hannunsa, don ya san cewa rahoton da ya cika kyau haka akwai lauje cikin naɗi. Haka nan shi ne zai gane in ledojin da aka fitar daga sito sun fi abin da yaran da ke cikin rajista ke bukata. Kowa ya taɓa ganin abincin tamowa a kan tebur a kasuwa, alhali ba na sayarwa ba ne, to ya san dalilin wannan bincike.

Ba yara kaɗai ba

A manyan asibitoci irin su Rasheed Shekoni da ke Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta Birnin Kudu, masu ciwon suga da hawan jini da ciwon ƙoda su ma suna bukatar a tsara musu ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokali ba, kuma dunƙulen ɗanɗano da muke marmasawa a miya yana cikin lissafin. Dattijo mai ciwon suga zai tambaya, “Malam, dabino nawa zan ci in na sha ruwa? Fura fa?” Amsar tana bukatar a duba awon jininsa na baya da maganin da yake sha, kuma duk wannan yana cikin fayil ɗinsa.

Ga wani gurbi da har yanzu yake jiran 'ya'yanmu. Manhajojin waya masu lissafa abin da mutum ya ci, akasarinsu an gina su ne a kan abincin Turai da Amurka. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawalin abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta faɗaɗa shi a 2019, inda aka nuna abin da ke cikin gero da kuka da zogale da sauransu. Amma jadawali da giram yake magana, mu kuwa da malmala da ludayi da gwangwani muke awo. Sai an sami wanda zai zauna ya auna malmalar tuwon dawa irin ta gidajenmu, da ludayin miyar kuka, da ƙwallon fura, da ɗanwake, ya shigar da su yadda ma'aikaciyar ƙauye za ta danna waya ta ga amsa da Hausa. Ɗan Legas ba zai yi mana wannan ba, don bai san girman malmalarmu ba.

Hanyar karatu

Ƙofa biyu ce. Wani ya fara da ilimin abinci, daga baya ya ƙara da kwamfuta. Wani ya fara da adana bayanan lafiya, sa'an nan ya koyi sha'anin abinci. Duk wadda aka bi, tushe ɗaya ne: a ci Turanci da lissafi da darussan kimiyya a jarrabawar fita sakandare. Yaron da ke gudun ajin lissafi ya san cewa nan ma zai tarar da shi yana jiransa.

Jami'ar Bayero ta Kano da Kwalejin Fasaha ta Kaduna suna koyar da ilimin abinci mai gina jiki. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da makarantar adana bayanan lafiya. A cikin gida kuwa akwai kwalejin horar da ma'aikatan lafiya ta Jahun, da makarantar kwamfuta ta Kazaure wadda aka kafa zamanin Gwamna Saminu Turaki, da Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011. Kafin uba ya biya ko sisi, ya tambaya ko kwas ɗin yana da amincewar hukumar da ke kula da sana'ar. Masu adana bayanan lafiya suna da hukumar rajistarsu tun 1989, kuma takardar da ba ta amince da ita ba, ba za ta kai mutum ga lasisi ba. Makarantun bayan gida masu kyan allo sun yi yawa a zamanin nan.

Wanda ya riga ya kama aiki ma bai makara ba. Ya koyi Excel sosai, ba shafa-shafa ba, ya koyi shirya tambayoyi a waya da ODK ko KoboToolbox, waɗanda ake samu kyauta, ya roƙi jami'in lissafi na ƙaramar hukumarsa ya nuna masa DHIS2. Iyaye kuma su lura cewa wannan sana'a ta dace da 'ya'ya mata ƙwarai. Mace ce ke iya shiga har ɗakin maijego ta tambayi abin da aka ba jariri, a gaya mata gaskiya.

Wuraren aiki su ne asibitoci, da hukumar lafiya matakin farko da ofisoshinta a ƙananan hukumomi 27 na jihar, da ƙungiyoyi irin su UNICEF da eHealth Africa mai babban ofis a Kano. Sai dai a sani, aikin ƙungiya na wa'adi ne. Shirin tallafin mata masu ciki da aka yi a Buji da Gagarawa da Kirikasamma, inda ake biyan mata kuɗi duk wata bayan an yi musu rajista a na'ura, ya ɗauki matasa da dama, amma da lokacinsa ya cika a 2019 ya rufe. Wanda ya fita da ƙwarewa ya sami wani wurin. Aikin gwamnati ya fi ɗorewa, albashinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Ga rashin wuta da yankewar sabis, wanda ke sa ma'aikaci ya yi aiki biyu, na takarda da na waya.

Sirrin majinyaci

Mai wannan aiki zai san abin da maƙwabta ba su sani ba: gidan wane ne yaro ya kwanta da tamowa, matar wane ce ke da ciki, wane alhaji ne ke fama da ciwon suga. A gari irin Dutse, inda kowa ya san kowa, kalma ɗaya a majalisa ko hoto ɗaya a WhatsApp ya isa ya hana unguwa guda zuwa awo. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana fallasa bayanin majinyaci ba da izininsa ba, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ƙara ƙarfafa hanin, da hukunci a kan wanda ya saɓa. Saboda haka kada ma'aikaci ya ba kowa lambar sirrinsa ta shiga manhaja, ko da abokin aikinsa ne, kada ya ɗauki hoton rajista a wayar da yaransa ke wasa da ita a gida, in kuma zai tashi salla ya kulle kwamfutar kafin ya fita.