Komawa Tseren Titi Bayan Rauni: Darasi Daga Kenenisa Bekele

'Yan uwana ɗalibai, duk wanda ke fita gudu da asuba ya san cewa abin da ya fi ciwon ƙafa zafi shi ne ka zauna kana kallon abokanka suna atisaye, ga gasar NIPOGA ko wani tseren titi na ƙaratowa. Wannan zumuɗin ne ke mayar da raunin wata ɗaya ya koma na shekara. Shi ya sa na ga ya dace, kafin in kammala difloma, in rubuta mana abin da na fahimta a kan komawa fili bayan jinya.

Mu ɗauki Kenenisa Bekele na ƙasar Habasha. A gasar Olamfik ta Beijin a 2008 ya ci zinare a mita 5,000 da mita 10,000. A 2010 tsokar sharaɓarsa ta yage, ya daɗe ba ya gasa. Da ya koma gudun fanfalaki, mai nisan kilomita 42.195, ya lashe na Faris a 2014 da na Balin a 2016. Amma raunuka ba su ƙyale shi ba: ya fita daga tseren Dubai a 2015, ya kasa ƙarasa na Balin a 2017 da na Amsterdam a 2018. Da yawa suka ce ai tasa ta ƙare. Sai ga shi a 2019, yana da shekara 37, ya ci tseren Balin cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 41. Daƙiƙa biyu kacal suka raba shi da tarihin duniya da Eliud Kipchoge ya kafa a 2018.

To, mu da ba mu da likitocin Bekele, me za mu ɗauka?

Na farko, a san sunan ciwon. Targaɗe daban, kumburin jijiyar agara daban, tsagewar ƙashin ƙwauri ma daban. Wannan na ƙarshen mugu ne, domin a farkonsa hoton ƙashi kan kasa nuna shi, kuma yakan ɗauki kamar mako shida zuwa takwas, wani lokacin fiye. Idan ka danna wuri ɗaya a kan ƙashi ka ji zafi, ko ba ka iya tsalle da ƙafa ɗaya, asibiti za ka nufa, ba wajen mai man zafi ba.

Na biyu, numfashi yana yaudara. Zuciya da huhu suna dawowa da wuri, amma jijiya da ƙashi sun fi su nawa wajen sabawa da nauyi. Za ka ji kamar za ka iya kilomita goma, alhali agararka uku kawai za ta ɗauka. Don haka a fara da tafiyar sauri ta minti talatin. Idan babu ciwo, a shiga gauraye: gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu, kuma a riƙa tsallake rana. Masu horarwa kan ce kada ƙarin nisa ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako. A fara a filin ƙwallo kafin a hau kwalta, nisa ya riga sauri dawowa. Alƙalin duk wannan shi ne safiyar gobe: in ka tashi kana ɗingishi, jiya ka zarce, sai ka koma baya mataki ɗaya.

Na uku, a guji rufe ciwo da ƙwaya. Zafi saƙo ne jiki ke aiko maka. Wanda ya sha magani don ya iya gudu ya toshe kunnensa ne kawai, ɓarna kuwa tana ci gaba. Ga shi tun Janairun 2024 hukumar WADA ta haramta tiramadol a lokacin gasa.

Na huɗu, ciki. Na san halin da aljihu ke shiga a ƙarshen zango, amma wallahi ƙashi ba ya warkewa da tsarin 0-1-0. Wake, ƙwai, gyaɗa, awara da nono ba su fi ƙarfinmu ba. Haka barci: makon jarabawa da ake kwana a aji ba makon ƙara atisaye ba ne.

Daga ƙarshe, tseren farko bayan jinya na gwaji ne. Ka zaɓi kilomita biyar kafin ka fara mafarkin kilomita goma na Okpekpe ko fanfalakin Legas. Idan ƙafa ta yi gardama a tsakiyar hanya, ka tsaya. Bekele ma ya fita daga tsere fiye da sau ɗaya, amma a 2024, yana da shekara 41, shi ya zo na biyu a Landan. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya ba masu jinya lafiya, Ya kai mu fili da ƙafafunmu.