Arnancin Zamani a Ƙasashen Turawa: Ma'anarsa da Rabe-rabensa

A ƙidayar jama'a da aka yi a Ingila da Wales a shekarar 2021, mutane kimanin 74,000 suka rubuta da hannunsu cewa su arna ne, waɗansu 13,000 kuma suka ce addininsu Wicca. A ƙidayar 2011 masu kiran kansu arna 57,000 ne. Yawancin waɗannan mutane 'yan birni ne masu ilimin boko, da yawa daga cikinsu kuma a gidajen Kirista aka haife su. Tun da yake 'ya'yanmu suna cin karo da koyarwarsu a intanet da finafinai, ya wajaba mu san ko su wane ne, domin mu iya ba da amsa cikin gaskiya da ƙauna.

ASALIN SUNAN

Kalmar da Turawa suke fassara "arne" da ita ta fito ne daga harshen Latin, wato paganus, ma'anarta baƙauye. Tun daga ƙarni na 4 Kiristocin daular Roma suka riƙa kiran masu bin tsofaffin alloli da wannan suna, masana da yawa kuwa suna ganin dalilin shi ne bishara ta fara kafuwa a birane kafin ta kai karkara. Ashe ke nan sunan raini ne tun asali. Mu ma mun san ɗacin kalmar "arne", gama sau da yawa an jefe mu da ita. Muna amfani da ita a wannan darasi ne kawai domin su mutanen da kansu suka zaɓi sunan, suna kuma alfahari da shi.

Arnancin zamani ba addini guda ba ne. Ba shi da littafi ɗaya, ba shi da shugaba ɗaya, ba shi da aƙida ɗaya da kowa ya amince da ita. Ƙungiyoyi ne barkatai masu ƙoƙarin farfaɗo da addinan da Turawa suka bi kafin zuwan bishara.

MANYAN RASSA UKU

Reshe na farko shi ne Wicca. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Gerald Gardner, tsohon ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka a Malaya, shi ya fito da shi fili da littafin da ya buga a 1954, shekara uku bayan an soke dokar hana maita ta ƙasarsu. Ya ce addinin ya daɗe yana ɓoye tun zamanin da, amma masanin tarihi Ronald Hutton ya nuna a 1999 cewa a ƙarni na 20 aka harhaɗa shi. Mabiyansa suna girmama allahiya mace da abin bauta namiji mai ƙaho, suna taruwa ƙungiya-ƙungiya ko kowa shi kaɗai, suna bukukuwa takwas a shekara bisa ga juyin yanayi, suna kuma yin tsafi. A nan sai mu lura. Sunan da suke kiran kansu da shi ana fassara shi "maye" ko "mayya", amma ba ya nufin mai kama kurwar mutane kamar yadda ake faɗi a ƙasarmu. Ƙa'idarsu ma ita ce kada a cuci kowa. Haka kuma yawancinsu ba su gaskata akwai Shaiɗan ba, balle su yi masa sujada.

Reshe na biyu su ne Druid. A zamanin da, Druid malaman addini ne na mutanen Biritaniya da ƙasar da ake kira Faransa yanzu. Ba su bar koyarwarsu a rubuce ba, abin da aka sani game da su daga baƙi aka samo shi, irin su Juliyas Kaisar. Masu ɗaukar sunan a yau suna girmama itatuwa da koguna da kakanni, kuma sukan taru a da'irar manyan duwatsu ta Stonehenge wajen 21 ga Yuni domin su ga fitowar rana a yini mafi tsawo na shekara. Waɗansunsu suna gaskata da alloli da yawa, waɗansu kuwa sun ɗauki abin a matsayin hanyar zaman lafiya da halitta kawai.

Reshe na uku su ne masu neman mayar da addinin wata al'umma guda kamar yadda yake a da. A tsibirin Aisland, wanda ya karɓi bishara wajen shekara ta 1000, an kafa ƙungiyar Asatru a 1972 domin bautar Odin da Thor, gwamnati ta amince da ita a 1973. A Girka akwai masu yi wa Zeus da sauran allolin dutsen Olimpus hidima. A Lituwaniya, wadda sai a 1387 ta karɓi baftisma, akwai Romuva masu hura wuta mai tsarki da rera waƙoƙin gargajiya. A cikin wannan reshe akwai tsiraru da suka gauraya addini da wariyar launin fata, sauran kuwa suna ƙyamar haka ƙwarai.

Abin da ya haɗa rassan nan shi ne ganin allahntaka a cikin halitta kanta, da yarda da alloli fiye da ɗaya, da fifita biki da al'ada a kan koyarwa. Kada mu rikita su da addinin gargajiya na ƙasashenmu. Addinin gargajiya gado ne da aka karɓa daga kaka da kakanni ba tare da yankewa ba. Arnancin zamani kuwa mutum ne yake zaɓarsa da kansa, ana kuma sāke gina shi daga littattafai da abin da masu tonon kayan tarihi suka gano.

ABIN DA IKILISIYA TAKE KOYARWA

A 1965 Majalisar Batikan ta Biyu ta koyar cewa Ikilisiya ba ta ƙin duk abin da yake gaskiya da tsarki a cikin sauran addinai, kuma kada a tilasta wa kowa a sha'anin bangaskiya. Saboda haka muna yaba kishin da waɗannan mutane suke da shi na kiyaye ƙasa da ruwa da daji, abin da Paparoma Faransis ya kira dukanmu gare shi a wasiƙarsa ta 2015.

Duk da haka akwai inda hanya ta rabu. Littafin Hikima, sura 13, ya yi maganar waɗanda kyaun wuta da iska da taurari ya ɗauke musu hankali har suka mai da su alloli, ya kuma ce laifinsu da sauƙi, domin mai yiwuwa Allah suke nema suka ɓata. Manzo Bulus a Romawa 1 ya gargaɗe mu kada mu bauta wa halitta a maimakon Mahalicci. Rana kyakkyawa ce, amma ba ta jin addu'a. Kogi yana shayar da gona, amma ba ya gafarta zunubi. Katekism na Ikilisiya, sakin layi na 2112 zuwa 2117, ya hana bautar gumaka da duba da tsafi, ko da an ce domin neman lafiya ne, gama mai tsafi yana neman mallakar iko, mai addu'a kuwa yana miƙa kansa ga nufin Uba.

DARASI GARE MU

Sa'ad da Bulus ya tsaya a Tudun Arasa a birnin Atina, bai fara da zagi ba. Ya zaga ya duba wuraren sujadarsu tukuna, ya yaba himmarsu, sa'an nan ya sanar da su Allahn da suke nema ba da sani ba. Sai mu yi koyi da shi. Idan ɗanmu ya kawo tambaya game da abin da ya gani a wayarsa, kada mu kore shi da tsawa, kada kuma mu yi gaggawar kiransa maye, domin wannan zargi ya riga ya raba gidaje da yawa. Mu zaunar da shi, mu saurara, in abin ya fi ƙarfinmu mu kai shi wurin Fada ko katekis. Mu kuma tambayi kanmu: mutanen da aka yi wa baftisma suka tafi neman tsarki a gindin itace, me suka rasa gani a cikin rayuwar masu bi da suke zaune tare da su?

Bari Ubangiji, wanda ya yi sama da ƙasa, ya bishe mu da su duka zuwa ga haskensa. Amin.